Daga Sakkwato zuwa Kumashi da mota, kai da iyalinka: amsar tambayarka

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka. Ka ce aurenku bai daɗe ba, ubangidanka mai harkar albasa da hatsi na son ka koma Kumashi ka riƙe mishi wuri, kai kuma so kake ka tuƙa motarka ku tahi tare da mai ɗakinka, shine kake tambaya wace hanya za ku bi, waɗanne takardu, kuma ya zaman can yake. To harkar ga cikinta na tashi, na yi yaron mota na yi direba, daga baya na zauna Kumashin da iyali ina sauke kaya, don haka zan gaya maka abin da na sani, sai dai ka yi haƙuri zancen na da tsawo.

Maganar hanya tukuna. Na san abin da ke ranka, Illela ga ta nan kusa, kilomita 80 da ɗan wani abu, ka tsallaka Ƙonni, ka miƙe Dogon Dutsi, Doso, Yamai, ka faɗa Burkina ta Kancari da Fada Ngurma, ka gangara Gana ta Paga ko ta Bawku, sai Bolga, Tamale, Kintampo, Techiman, Kumashi. Ita ce hanyar da munka saba, ita manyan motocin albasar Galmi ke bi tun da can, kuma in da lafiya lau ake ita zan ce ka bi don ta fi kusa, rabinta ma da Hausa za ka yi ta magana. Amma yanzu wallahi ban yarda ka ɗauki ɗiyar mutane ka bi da ita nan ba. Tsakanin Torodi da Fada Ngurma ƴan bindiga masu iƙirarin jihadi sun daɗe da hana wurin sakat, manyan motoci ma da ke ratsa ƙasar jira suke soja su yi musu rakiya a ayari. Ga kuma siyasa ta shigo ciki, tun juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 anka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris 2024, sannan Nijar da Mali da Burkina sun fita daga ECOWAS a Janairu 2025, sun yi tasu ƙungiyar AES. Eh an ce za a ci gaba da karɓar fasfon juna, amma ɗan sandan da ya tsaida ka cikin daji ba lallai ya duba abin da anka ce a Abuja ba. Ka manta da ita kawai.

Wadda zan ba ka shawara ita ce doguwar, ta gaɓar teku. Ka tashi bayan sallar asuba, Bodinga, Shagari, Tambuwal, Jega, Koko, Yawuri, ka kwana Kwantagora ko da ka iso da sauran rana, kada zuciya ta ce maka ƙara gaba. Washegari Mokwa, ka haye gadar Jebba, Ilori, in da ƙarfi ka bi Ogbomosho da Oyo ka kwana Badun. Rana ta uku Legas, ka bi hanyar Badagry zuwa Seme ka kwana Kwatano a Jamhuriyar Binin. Ta huɗu Wida, Hillacondji, ka shiga Togo, ita ƴar siririya ce ta bakin teku, kilomita 50 da kaɗan ka ratsa ta, garin Lome ma a jikin iyakar Aflao yake, daga nan Sogakope, Tema, Ankara babban birnin Gana. Ta biyar sai ka hau Kumashi ta Nsawam da Nkawkaw da Konongo, wajen kilomita 250 ne amma manyan motoci sun yi yawa, za ta ci maka rabin yini. Za ka ji direbobin haya na cewa su kwana biyu suke yi, su dare suke bi kuma su biyu ne a sitiyari, kai kuwa kai kaɗai ne ga mace a gefe. Sauri ya haifi nawa. Magariba ta same ka cikin gari, musamman tsakanin Yawuri da Jebba, ba don ramuka kaɗai ba, ka san halin da ake ciki. Kuma ka tuna kana shiga Togo agogo ya koma baya da awa ɗaya, haka ma Gana, Binin ce kawai lokacinmu ɗaya da ita, don haka ka gyara saboda salla. Kasaru kuwa za ku yi ta yi har ku isa, tunda babu inda kunka yi niyyar kwana huɗu a hanya.

Af, kafin in manta, hanyar nan ba sabuwa ba ce ga mutanenmu. Fataken Gwanja da jakuna sunka riƙa tashi daga Jega su bi ta Yawuri da Bargu har Salaga su sayo goro, watanni suke yi a hanya, su ne asalin zangunan da za ka tarar can. Shi ya sa in ka isa za ka ga kamar ba baƙon wuri ka zo ba.

Takardu. Nan ne mutanenmu ke sakaci, sai ka ji mutum na cewa ai ECOWAS ce ba biza. Gaskiya ne ba biza, yarjejeniyar 1979 ta ba ka damar shiga ka yi kwana 90, amma da sharaɗin kana da takardar tafiya mai rai da katin rigakafi. Ku yi fasfo ku biyu, kowa da nashi, kada ka ce ita ai a bayanka take. Katin shawara, yalo kad, shi ma kowa da nashi, kuma allurar sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki, in kun yi sau ɗaya ta isa har abada tun gyaran da hukumar lafiya ta duniya ta yi a 2016. In mai ɗakinka na da juna biyu ka gaya ma ma'aikatan lafiyar kafin su taɓa ta, allurar ba a cika yi ma mai ciki ba, su za su gaya maka abin yi. Kada ka sayi katin a hannun ƴan tasha ba allura, cutar kai ce. Sannan takardar aure, wannan ka riƙe ta da kyau. Mu nan an ɗaura aure gaban liman da waliyyai an raba goro shikenan, ba mai tambayarka takarda, amma ranar da za ka nema mata izinin zama a ƙarƙashinka ita za a fara ce ka kawo. Ka je kotun shari'a ko ƙaramar hukuma ka karɓo tun kana gida, kuma ka duba sunanta ya zo daidai da na fasfo harafi da harafi.

A kowace iyaka ka tabbata an buga maka hatimin fita an buga na shiga. Iyaka uku ce, bugu shidda ke nan kowannenku. Za ka ga samari sun yanyame motar suna cewa kawo fasfo Alhaji in yi maka sharp sharp, ko su ce akwai hanyar baya ba sai an buga ba. Kada fasfonka ya bar hannunka sai ga mai kaki a cikin ofis, ka sauko da ƙafarka ita ma ta sauko. Wanda ya shiga ba hatimi yana murna ya tsira da ƴan kuɗi, to ranar da ya je neman katin zama ne zai gane, don ba shi da shaidar ranar da ya shigo. Masu neman na goro kuwa za ka haɗu da su, musamman in sun ga fasfo sabo dal ba a taɓa buga shi ba, ka canza ƴan ƙananan sefa ka sa aljihun gaba, manyan kuɗi su zauna wani wuri, ka yi sallama ka yi fara'a, kada ka yi gardamar doka da mutum a kan teburinshi. In an buga na Gana ka buɗe nan take ka karanta kwana nawa anka rubuta, abin da ke rubuce shi ne naka.

Ita kuma mota tata rigimar daban. Kana buƙatar takardun mallaka da sunanka, lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, inshorar ECOWAS da ake ce ma Brown Card, ga abin kashe gobara da tirayangul biyu da akwatin magani, don jami'an tsaron Binin da Togo sun fi ƴan sandanmu duba irin waɗannan. In gilashinka mai duhu ne ka ɓare shi ka huta. Binin da Togo za su ba ka lesefase ta wucewa, Gana kuma kwastan za su ba ka takardar shigo da mota ta wucin gadi, TVI suke ce mata, da ranar ƙarewa a jiki. To ga inda nake son ka tsaya ka yi tunani: takardar nan ta baƙo ce mai komawa, ba ta mai zama ba ce. In ta ƙare ba ka sabunta ba ko ba ka fitar da motar ba za su iya kama ta. In kuwa so kake ta zama ƴar gari da lambar Gana sai ka biya mata kuɗin kwastan kamar yau ta sauka daga jirgin ruwa, kuma motar da ta haura shekara 10 da ƙerawa akwai tara a kai, mu kuwa yawancin motocinmu tokumbo ne da sunka wuce haka nesa. Ni a ganina, in ba wata mota ce ta kirki ba, ko dai ku tahi da ita da niyyar wani ƙanenka ya biyo ku ya maido ta gida kafin takardar ta mutu, ko ka sayar da ita nan ka riƙe kuɗin, don za ka buƙace su wurin haya fiye da yadda kake zato. Na fahimci daɗin tafiya da motar kai, ku tsaya inda kuke so, ta ga gari, ku ɗebi kayan ɗaki, ban hana ba, amma ka san ƙarshenta tun kafin ka tada ta.

To yanzu babbar maganar, wadda ta fi hanyar nauyi. Kafin ka ce ma ubangidanka to, ka zauna da shi ka tambaye shi da sunan wa anka yi rajistar harkar can. Gana ta yi dokar zuba jari a 2013, ita ta ware saye da sayarwa a kasuwa da talla da ƙananan shaguna ta ce na ƴan ƙasa ne, baƙon da ke son kasuwancin saye da sayarwa kuwa ta ɗora mishi jarin dala miliyan 1 da ɗaukar ƴan Gana 20 aiki. A kan dokar ga ne ƙungiyar ƴan kasuwarsu GUTA ta riƙa garƙame shagunan ƴan Najeriya, an yi a Suame ta Kumashi a 2019, an yi a Ankara a 2020. Mutanenmu masu albasa da shanu da hatsi yawanci da ɗan gari suke aiki, Bahaushen zango haifaffen can mai katin ƙasa, shi ne fuskar harkar, kai kana kawo kaya kana riƙe lissafi. In haka ubangidanka ya tsara to madalla, ka san mutumin ka san matsayinka. In kuwa ce maka ya yi ka je kawai ka buɗe rumfa da sunanka, ka ce mishi a sake shawara.

Kuma kwana 90 ɗin nan na ziyara ne. Mai zama sai ya nemi izinin zama wurin hukumar shige da ficen Gana, ya kuma yi Ghana Card, katin shaida na baƙi, wanda anka sa dala 120 karon farko da dala 60 sabuntawa duk shekara. Ba don ado ba, ba shi ba rajistar layin waya da sunanka, ba asusun banki, kuma can komai da MoMo ake yi, wato tura kuɗi ta waya, mai tumatir ma ta waya za ta ce ka tura mata. Wasu za su ce maka mu shekara nawa muna nan ba mu da ko ɗaya. Ka tambayi tsofaffin zango labarin 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar ƙasar, mutane sun bar gidaje da gonakin koko sun hau akori-kura. Mu ma mun rama a 1983 zamanin Shehu Shagari. Ba fata nake ba, zaman lafiya ake yanzu, amma mai iyali ba ya zama ƙasar wani a kan sa'a.

Gida. Masu haya can kuɗin shekara ɗaya ko biyu suke so a dunƙule, duk da dokarsu ta haya ta 1963 wata 6 ta ce, ba mai bin ta. Kada ka tura ma kowa kuɗi daga nan a kan hoto. Kuma in ana ciniki ka saurara da kyau, tun 2007 sunka cire sifili huɗu daga sidi, kuɗin Gana, amma har gobe tsofaffi da tsohon lissafi suke magana, mutum zai ce maka miliyan ɗaya alhali sidi 100 yake nufi. Unguwannin da za ka nema su ne Aboabo, Asawase, Sawaba, Alabar da kewayensu, nan ne masallaci ke ƙofar gida, mahauci musulmi ne, da safe ga koko da ƙosai kamar kana Sakkwato. Sai dai ka lura da irin gidan. Yawancinsu gidan haya ne na taro, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, bayi ɗaya, maza da mata kowa na wucewa, wani gidan ma bayin na unguwa ne sai an fita waje an biya. Kai da ke fita tun safe ba za ka ji komai ba, amma yarinyar da ta tashi gidan da namiji baligi ba ya wuce zaure sai da sallama, ka ajiye ta nan ta riƙa bin layin wanka da ƙattin da ba ta sani ba, wallahi za ta yi kuka a ɓoye ba za ta gaya maka ba. Ka ƙara kuɗi ka samu ciki da falo mai bayi a ciki, ko da ya ɗan yi nisa da kasuwa. In kuɗin motar ne za su yi wannan, to sun yi amfani.

Kuma dama mai ɗakin naka ita ce abin da na fi so in ja kunnenka a kai. Kai kana isa ka samu abokai, kasuwa ce, sati guda ka san kowa. Ita fa ta baro uwa, ta baro ƙanne da ƙawaye da gidan biki, ta zo inda ruwa ke zuba kusan rabin shekara, shanya ba ta bushewa, kayan cikin akwati na yin fumfuna, ga sauro, ga Hausar ma wata iri, za ta ji an ce mata "ya zo" ita mace, su kuma su yi ta dariyar Sakkwatancinta, ba da mugunta ba. Na ga auren da ya lalace a kan wannan, miji na ganin ai ya ba ta ci da sha, ita kuwa kaɗaici na cin ta. Abin da na ga yana aiki shi ne tun satin farko ka kai ta ka damƙa ma matar mai masaukinka, dattijuwa, ka ce ga ɗiyarki. Ita za ta kai ta kasuwar Kejetia ta nuna mata inda ake saida kuka da daddawa, ita za ta shigar da ita Islamiyyar mata da adashi, wanda can susu suke ce mishi, ita za ta ja ta gidan suna. Matan zango masu sana'a ne, suna fita suna nema, in taka ta ce tana son ta riƙa yin wani abu a gida, fura ko dambu ko turaren wuta ko ɗinki, ka ba ta jari kada ka ce ba a yi a gidanku. Ta zo da kayan miyarta daga gida, busasshiyar kuɓewa, yaji, man shanu, gero in da wuri a but, don watan farko kafin baki ya saba da banku da dokunu abincin gida na rage kewa. Ka sa mata data kullum ta ga fuskar innarta. Kuma gaban iyayenta, tun kafin ku tashi, ka faɗi lokacin da za ta zo ganin gida, ka cika.

Ku yi rajistar inshorar lafiyarsu NHIS da zarar katinku ya fito, tun 2008 sunka sa awo da haihuwa cikin tsarin kyauta ga mai katin, babban asibitin garin kuma shi ne Komfo Anokye. In Allah ya kawo rabo can, ka sani haihuwa a Gana ba ta maida yaro ɗan Gana in ba iyaye ko kakanni ne ƴan ƙasar ba, don haka ka karɓi takardar haihuwa ka je ofishin jakadancin Najeriya a Ankara ka yi mishi fasfo.

Zama da mutanen gari ba wuya in ka iya gaisuwa. Ka sa mai masaukinka ya kai ka ka gaida liman da mai unguwa, in da hali har fadar Sarkin Zango, da ɗan goronka. Sunan Sakkwato na da daraja can saboda Mujaddadi Shehu Usmanu, kana cewa daga nan kake za ka ga an gyara zama, wani lokacin har a tura ka gaba ka ja salla, to ka riƙe mutuncin sunan. Akwai ƴan Tijjaniyya akwai Ahlussunna kamar gida, kai baƙo ne, ka yi sallarka ka bar musu gardamarsu. Su kuma Asantawa masu ƙasar, sarkinsu Otumfuo Osei Tutu na biyu da ke kan gado tun 1999 ba a wasa da sunanshi ko cikin raha, kada ka miƙa ma kowa abu da hagu, in ka tarar da mutane zaune ka faro musabaha daga na damarka, ranar Asabar kuma za ka ga gari ya cika da masu baƙaƙe da jajayen kaya, makoki ne, in na maƙwabcinka ne ka je ka yi gaisuwa ka ba da abin da ya sawwaƙa. Ka koyi Twi ko na ciniki ne, suna jin daɗin baƙon da ya gwada.

In da ni ne kai, zan fara zuwa ni kaɗai a motar haya in yi sati biyu, in ga wurin aikin da idona, in san ɗan garin da za mu yi harka da shi, in kama gida in sa katifa da tukunyar gas, sannan in dawo in ɗauke ta mu bi hanyar a natse. Kuɗin motar zuwa da dawowa ne kawai za ka ƙara. Ranar da za ku tashi kuma, da daren ka leƙa tasha ka tambayi direbobin Legas da sunka iso ranar yadda sunka baro hanyar Kwantagora da Mokwa, don labarin hanya na sati ɗaya ya tsufa. Allah ya kai ku lafiya, ka gaida mai ɗakin naka.